Rasuwar Kawu Sanyi, Firijin da Ya Tare Tukunyar Kashe Gobara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da maƙogwaron da har yanzu hayaƙi bai gama fita daga cikinsa ba, Auta Kafinta yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da maƙwabtan layi, da duk wanda ya taɓa shigowa shagonsa da sunan duba kujera alhali ƙishirwa ce ta kawo shi, rasuwar babban firijinsu wanda aka fi sani da Kawu Sanyi. Marigayin ya rasu ranar Talata da rana tsaka, a bakin aikinsa, sakamakon mummunar faɗuwa. Likitansa, wato mai gyaran firijin da ke bayan tasha, ya zo ya kara kunne a bayansa, ya taɓa nan ya taɓa can, sannan ya cire hula ya ce sai dai haƙuri.

Tun da jama'a ba za su fasa tambaya ba, iyalan sun ga gara a faɗa tun daga farko. Ba ciwonsa ne ya kashe shi ba, ture shi aka yi. Wanda ya ture shi kuwa shi ne mutumin da ya fi kowa ƙaunarsa a duniya, wato shi Auta, kuma ya yi haka ne domin abin da zai ceci ran yayansa yana rataye a bango, a bayan marigayin.

Ba wanda zai iya rantsuwa a kan shekarun Kawu. 'Yar takardar da ke manne a bayansa ta goge tun Auta bai fara aske gemu ba. Abin da kowa ya sani shi ne na Inna ne, mahaifiyar Auta da yayansa, wanda duk layin ke kira Yaya Mai Fenti. Da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu masu ci kamar gara, da wannan firijin ta rufa wa kanta asiri, tana sayar da ruwan sanyi da ƙanƙara ta taga. Daga cikinsa kayan makaranta suka fito, daga cikinsa zarton Auta na farko ya fito, da burushin Yaya na farko. Shi ya sa yaran suka laƙaba masa Kawu, domin ta ɓangaren uwa ya zo, kuma ba a taɓa zuwa wurinsa an dawo hannu rabbana ba. Inna ta buɗe ƙofarsa har fentin mariƙin ya koɗe, ƙarfen ya yi sumul, ya ɗan lotsa daidai inda babban yatsanta ke sauka.

Marigayin dattijo ne mai haƙuri da kawaici. Idan an ɗauke wuta ba ya ƙorafi, sai ya ja bakinsa ya yi shiru, ya riƙe sanyinsa a ciki har a dawo da ita. Da an kawo kuwa sai ya yi gyaran murya, ya girgiza kafaɗu, ya ce grrrr-ɗum, kwalaben cikinsa su amsa masa, kowa a shagon ya san duniya ta koma daidai. Bai taɓa bambanta mai hali da talaka ba. Mutane da dama sun shigo da niyyar kai Auta gaban 'yan sanda a kan ƙofar da aka yi musu alkawari tun bara, suka sha kofi ɗaya, suka ƙara, suka fita suna tambayar lafiyar iyali. Ma'aikatan shagon biyu, Tumbi da Dogo, dukansu magidanta, a hannunsa suka yi furfura. Ya riƙe amanar Tumbi, wanda ke ɓoye kwanon abincinsa can ƙasa bayan kwalabe don kada Dogo ya gani, ya kuma riƙe amanar Dogo, wanda ya san wurin tun ranar farko. Aibinsa ɗaya, in ma aibi ne, yakan ɗan ja mutum idan ya taɓa shi ba takalmi. Auta dai ya tsaya kai da fata cewa wannan tarbiyya ce.

Da Inna ta rasu, an raba abin da ta bari ba wanda ya ɗaga murya. Tukwane, akwatuna, har 'yan kunnenta, kowa na cewa ɗan'uwansa ya ɗauka. Sai da aka zo kan firiji sannan aka gane ashe duk kawaicin nan tanadin ƙarfi ake yi. Yaya ya ce shi ne babba, kuma da kafaɗarsa aka shigo da Kawu gidan ranar da aka sayo shi. Auta ya ce shi ya yi yarinta yana kwana a gindinsa, shi ke kankare masa ƙanƙara da cokali, kuma kowa ya san abin uwa na auta ne. Yaya ya ce a nuna masa inda aka rubuta haka. Matar Yaya da matar Auta kowacce ta riga ta share wuri a kicin ɗinta. Dangi suka zauna, suka tashi, suka sake zama, har masu zuwa sulhun suka fara neman wanda zai sulhunta su.

Gwaggonsu ce ta yanke hukunci, don ta gaji. Ta ce tun da su biyun a shago ɗaya suke, Auta na aikin katako ta gabas, Yaya na feshin fenti a ɗakinsa ta yamma, a kai Kawu can a ajiye shi a tsakiya, kowa ya sha ruwa ya bar ta ta huta. Auta ya ɗauko tef ɗin awo. Yaya ya ce bai yarda da tef ɗin kafinta ba, domin ya sha ganin ƙofofin da aka auna da shi, ya kawo igiya. Aka ja ta daga wannan bango zuwa wancan, aka ninka ta biyu, tsakiya ta faɗa daidai wani ɗan gurbi a jikin bango inda wata jar tukunya ke rataye, tukunyar kashe gobara. Ba abin mamaki ba ne. 'Yan kwana-kwanan da suka rataye ta su ma tsakiya suka nema, don duk inda wuta ta tashi a kai gare ta da sauri.

Su biyun suka tsaya suna kallonta. Auta ya kawo shawara cikin taushin murya cewa a ɗan gusa da Kawu gabas, ba da yawa ba. Yaya ya ce sai dai bayan ransa, amma in yamma ce ba shi da ja. Auta ya yi kamar da bango ake magana. Dogo ya ce ai sai a cire tukunyar a mayar da ita wani wuri, nan ma aka tashi da sabuwar rigima. In an kai ta yamma, Yaya ya ce ana nufin fentinsa ne zai ƙone shago, in an kai ta gabas, Auta ya ce ana zargin dusar katakonsa. A ƙarshe aka jingina Kawu da bango ya rufe gurbin ruf. Yaya ya ɗauko fenti mai launin rawaya ya zana da'ira huɗu a ƙasa inda ƙafafun Kawu za su zauna, ya kuma ja layi daga tsakiyarsa har ɗaya bangon. Tun daga ranar, ko guduma ce ta tsallaka layin nan sai ta amsa tambayoyi.

Likitan Kawu ya kafa doka tun zuwansa na farko, cewa dattijo irin wannan ba a karkata shi, ba a kwantar da shi, domin man da ke cikin injinsa in ya hau inda bai kamata ba, shi ke nan. 'Yan'uwan suka ɗora tasu dokar a kai: ba a motsa Kawu sai su biyun suna wurin, kowa hannunsa a kusurwar ɓangarensa, Dogo da Tumbi su kama sauran biyun. Kafin nan sai an zare wayarsa, an sauke abin da ke kansa, an kwashe kwalabe. Sannan a dinga tafiyar da shi kaɗan-kaɗan, ƙafar dama, ƙafar hagu, Auta na cewa a hankali, Yaya na cewa shi fa ya ga an fi karkata gabas. Tumbi ya taɓa gwada jan sa shi kaɗai don ya ɗauko cokalinsa da ya faɗa baya. Sai da matarsa ta zo ba da haƙuri aka mayar da shi aiki.

Wannan tattaki ba a yin sa sai ranar da jami'ar 'yan kwana-kwana za ta zo duba shaguna, wata doguwar mata marar wasa da ake kira Hajiya Tocila, saboda ba lungun da ba ta haskawa. Da ta karyo kwana sai mai shayin bakin layi ya buga cokali a jikin butarsa, shago ya rikice. Kafin ta gama da mai walda da mai faci, an janye Kawu gaba, an goge tukunya da tsumma, an jeru ana murmushi ana gumi. Takan duba 'yar allurar da ke nuna ko da sauran ƙarfi a tukunyar, ta sa a kai ta a sabunta in lokaci ya yi, sannan ta tara su ta nuna musu yadda ake zare 'yar ƙusar da ke kulle bakinta, a saita gindin wuta, ba harshenta ba, a matsa. Auta kan saurara da kunne ɗaya, ɗayan yana wurin Kawu da aka bari ba wuta. In ta gama sai ta haska da'irorin nan da ke ƙasa, ta kalli Auta, ta kalli Yaya.

"Ranar da wuta za ta zo," in ji ta, "mai shayi ba zai buga muku cokali ba."

Sukan ce gaskiya ne Hajiya, Allah ya kiyaye, su miƙa mata kofin ruwan sanyi. Ta yi shekaru tana ƙi. Wata rana da zafi ya kai zafi ta karɓa ta shanye, ta ce wannan bai canja komai ba, Auta kuwa ya daɗe yana ba da labari kamar wanda ya ci gasa. Da ta bar layin sai a mayar da Kawu kan da'irorinsa, Yaya ya durƙusa ya tabbatar.

A 'yan shekarun nan tsufa ya kama marigayin. Ya fara zufa, ana wayar gari a tarar da ruwa a gindinsa. Ƙofarsa ta daina rufuwa sai an ɗaure ta da robar tsohuwar taya, ƙafarsa ɗaya ta ci tsatsa aka tokare ta da bulo, bayan Yaya ya gamsu cewa bulon bai fita daga da'ira ba. Grrrr-ɗum ɗin nan mai kwarjini ya koma ƙir-ƙir-ƙir, sai ya ɗan huta, sai ya ce ɗum ƙasa-ƙasa kamar mai jin kunya. Likita ya ce a bar shi ya huta haka, a sayi sabo. Wannan ce rana ɗaya tilo da aka ga Auta da Yaya sun haɗa baki, suka raka likita har bakin titi da maganganu. Kaya kuma suka samu wurin zama, rediyo da gwangwanin ƙusa a kansa, ragowar katakai jingine a gefensa, har ya kasance baƙo ba zai taɓa zaton akwai wani jan abu a bayan wannan tsibin ba.

Ranar Talatar, Auta na waje bakin ƙofa yana jayayya da direban da ya kawo katako, a kan ko busasshe ne ko jiya aka sare shi. Yaya na ɗakin fenti yana feshin wani kabad. Ɗakin ƙofarsa ɗaya ce, tagarsa ɗaya, ita ma da ƙarfe a jikinta saboda ɓarayi. A bakin ƙofar akwai tarin tsummokaran da suka sha tina, ruwan nan da ake sirka fenti da shi, wanda ko kallon ashana ya yi sai ya kama. Tsohuwar wayar injin feshi, wadda aka naɗe da leda a wurare da yawa, ta yi tartsatsi a kansu. Mai shayi bai buga cokali ba.

Wuta ta miƙe a bakin ƙofar ta tare ta, ta fara lasar dusar katakon da iska ta tsallako da ita layi ba izini. Tumbi, cikin kyakkyawar niyya, ya kwance robar Kawu, ya rungumo kwalabe ya dinga juyewa. Wutar ta hau kan ruwan ta yi gaba abinta, ta ƙara faɗi. A nan ne aka tuna da jar tukunya.

Da Auta ya ji ihu ya shigo a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, abin da ya tarar ba zai manta da shi ba muddin ransa. Hayaƙi ya cika rufi. An zare wayar Kawu, an sauke rediyo an ajiye shi a kan benci cikin ladabi, an kawar da katakan gefe. Dogo na riƙe da kusurwarsa, Tumbi na riƙe da tasa, idanu na zubar da ruwa, sun tsaya cirko-cirko.

"Me kuke jira?"

"Maigida, kama taka," in ji Dogo. "Amma Yaya ba ya nan. Ba mai kama tasa."

Daga bayan wutar sai ga muryar Yaya, a shaƙe amma da sauran iko a cikinta, yana cewa yana jin su sarai, kada wanda ya kuskura ya fake da gobara ya gusa da Kawu gabas. Auta ya buɗe baki ya rama, don ya saba, ya ce wa ya yi maganar gabas a nan. Abin da ya biyo baya tari ne mai tsawo, mai ban tsoro. Sai wani abu ya faɗi a ciki. Sai shiru.

Tun Auta na rarrafe, Yaya bai taɓa barin sa ya yi maganar ƙarshe ba. Ko a waya ne sai ya tabbatar shi ya kashe. Yau ga shi an faɗa masa magana bai mayar ba, kuma wannan shirun ya tsorata Auta fiye da wutar. Ya kira Yaya, ya sake kiran sa da sunan da Inna kaɗai ke kiran sa da shi. Ba amsa. Kawu ma ya yi shiru tun da an zare masa waya, sai ɗis, ɗis, ɗis na ruwan da ke ɗiga daga cikinsa.

Auta ya kama mariƙin ƙofar, babban yatsansa ya faɗa cikin lotsawar nan ta Inna. Ya ce wa Dogo da Tumbi su kauce. Ya zagaya ta gabas, ɓangaren da ya yi shekaru yana karewa ba ji ba gani, ya kafa kafaɗa.

"Kawu, ka yafe ni."

Marigayin bai yi gardama ba. Ya karkata a hankali kamar tsohon da zai kishingiɗa, sannan ya tafi gaba ɗaya. Gau! Ƙasa ta amsa, bulo ya yi nasa wuri, kwanon Tumbi ya fito daga maɓoyarsa yana juyi a tsakar shago. Daga nan sai wani dogon numfashi, ssssss, wanda shi ne abu na ƙarshe da aka ji daga bakinsa.

Ga jar tukunya a gurbinta, ta sha ƙura, allurarta tsaye a kan kore, alamar da sauran ƙarfi. Auta ya fizgo ta, ya zare ƙusa, ya saita gindin wuta, ba harshenta ba, ya matsa. Ashe kunnen nan ɗaya da yake ba Hajiya Tocila ya riƙe aikinsa. Farin gari ya turnuƙe, wuta ta ja baya tana huci, ƙofa ta bayyana. Dogo ya lulluɓa jiƙaƙƙen buhu ya kutsa, Auta na bayansa, suka kamo Yaya ta hammata suka jawo shi waje ba ya ko motsi. Maƙwabta suka iso da yashi, 'yan kwana-kwana suka zo suka ƙarasa. Kabad ya tafi, rufin ɗakin fenti ya tafi, rabin gemun Yaya ma ya tafi, na ɓangaren yamma, in ji Tumbi.

A asibiti Auta ya zauna a bakin gado shi da matar Yaya, ba mai iya kallon wani. An naɗe hannuwan Yaya duka biyu har gwiwa. Wajen la'asar ya buɗe ido, ya kalli matarsa, ya kalli ƙanensa, ya tambayi Kawu. Auta ya sunkuyar da kai ya ce ya rasu.

"Ta ina ya faɗi?"

"Ta yamma, Yaya. Gaba ɗayansa. Ko ƙafa ɗaya bai bari a wajena ba."

Yaya ya ɗaga ido ya kalli rufi. Shekara da shekaru yana jiran ranar da za a ce masa Kawu ya tsallako layi ya zama nasa, ga ta ta zo, ya kuma san wanda ya tura shi da dalilin turawar. Hawaye ya gangaro masa ta gefen da ba gemu. Ya ce shi ba ya so, na Auta ne, ai kowa ya san abin uwa na auta ne. Auta ya share ido ya ce a nuna masa inda aka rubuta haka. Kafin ma'aikaciyar jinya ta iso murya ta yi sama, kowa na rantsuwa cewa na ɗan'uwansa ne, matar Yaya na dariya tana kuka, tana cewa alhamdu lillahi, ya warke.

An aika wa Gwaggo ta zo ta raba wannan sabuwar gardamar, ta aiko cewa a ce ba ta nan. Hajiya Tocila ce ta zo ganin ɓarna. Ba ta ce ai na gaya muku ba, ko da yake an ga maganar ta zo mata har baki ta haɗiye. Ta dai ce ɗakin fenti na bukatar ƙofa ta biyu mai buɗewa waje. Auta ya ce shi zai yi, kuma a karon farko a tarihin shagon aka gama ƙofa a ranar da aka yi alkawari. Yaya, da aka sallamo shi, ya ce fentinta ya jira hannunsa, kada kowa ya taɓa. Dogo ya ce saura mariƙi, ko ya je kasuwa ya sayo. Auta ya ɗauki sukundireba ya nufi inda marigayin ke kwance, ya kwance mariƙin Inna ya kawo. Yaya ya duba shi, ya ce a ɗaure shi da kyau, don ya san irin aikin Auta.

Marigayin ya rasu ya bar 'ya'yan 'yar'uwarsa biyu, Auta da Yaya, da matansu da 'ya'yansu. Ya bar Dogo, da Tumbi wanda yanzu ba shi da inda zai ɓoye kwano. Ya bar rediyon da ya yi shekaru a kansa, wanda ke zaman haya a kan benci, da tsohuwar fanka, abokiyar gwagwarmayarsa a lokacin zafi, da bulo, da robar taya, da kofin da ke ɗaure da igiya wanda tun ranar ba wanda ya yi masa magana. Ya kuma bar maƙwabciyarsa, jar tukunya, wadda ya tare wa haske tsawon zamansu. An kai ta an cika ta, ta dawo gurbinta, kuma ta nuna ba ta riƙe shi da komai ba.

Za a raka marigayin zuwa makwancinsa a filin 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, da ke bayan kasuwa ranar Asabar da hantsi. Za a ɗauke shi a kan amalanke, a tsaye. Likita ya ce yanzu tsaye da kwance duk ɗaya ne, Auta ya ce a wurinsa ba ɗaya ba ne. Kowa zai kama kusurwarsa yadda aka saba, Yaya kuma zai ɗora gwiwar hannu a kan tasa. Mai shayi ya yi alkawarin buga cokali idan an zo wucewa. Masu son yin sallama ta ƙarshe suna iya taɓa shi ba takalmi.

Bayan an dawo za a karɓi gaisuwa a shago, kuma ana roƙon kowa ya taho da ruwansa. Waɗanda suka yi niyyar haɗa hannu su sayo sabon firiji, iyalan sun gode, an ma ware masa wuri can kusa da ƙofar shiga, ba tef ba igiya. Masu zuwa za su lura an kankare layin nan da da'irorinsa, an zana babban fili da fenti rawaya a gaban jar tukunya. Auta ne ya riƙe burushi, Yaya na tsaye a kansa yana faɗa, shi ya sa za a ga zanen ya ɗan karkace, kada wanda ya ɗaga zancen. Ana roƙon jama'a, don girman marigayin, kada a tsaya a cikin filin nan, kada a cire takalmi a ciki, kada a jingina babur a gaban sabuwar ƙofa. Ko Gwaggo ce ta zo, a sa mata kujera a gefe. Wurin nan ba na gabas ba ne, ba na yamma ba. Kawu ya daɗe a kansa, kowa kuma ya ga abin da tashinsa ya ci. A bar shi fili.